Shin "new" tana nufin sabo dal? Amsa ga mai tambaya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aiki da wani Bature ɗan Ingila. Rannan ya kira mu waje yana murna ya ce, "Come and see my new car." Da muka fita sai ga mota ƙirar 2012, har fentinta ya fara kodewa. Ni abin da aka koya mini a makaranta shi ne "new" tana nufin sabo. To ƙarya ya yi mana, ko kalmar tana da wata ma'ana? Kuma mene ne bambancinta da "brand new", "recent", "latest" da "novel"? Kullum suna rikita ni in zan rubuta rahoto.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Baturenka bai yi ƙarya ba, malamin da ya koya maka a makaranta shi ma bai yi kuskure ba, rabin zancen dai ya ba ka. Na daɗe ina koyar da Turanci da aikin fassara, kuma na lura ƙananan kalmomin nan da yaro ke haddacewa tun aji ɗaya su ne suka fi kayar da manya. Kowa yana ganin ya riga ya san su, ba mai komawa ya buɗe ƙamus a kansu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne "new" ba ta faɗa maka shekarun abu. Duk inda ka gan ta, ka tsaya ka tambayi kanka: sabo ga wa, kuma sabo in an gwada shi da me? Motar abokin aikinka tsohuwa ce a wurin kamfanin da ya ƙera ta, tsohuwa ce a wurin wanda ya sayar masa, amma hannunsa shi jiya ta shigo. Wannan shigowar yake yi wa murna. Mu ma ai haka muke yi da Hausa, ba mu dai lura ne. Mutum ya sayo mota 'yar Kwatano wadda ta sha titunan Turai shekara goma, maƙwabta su taru suna cewa, "Alhaji an yi sabuwar mota, Allah ya sa a mora," ba wanda zai ce an yi ƙarya. Bazawara mai 'ya'ya biyar in ta sake aure sunanta amarya, Bature kuma zai ce "his new wife" ko da ta girmi uwargidan.

Ma'anar da aka koya maka, wato abin da bai daɗe da samuwa ba, tana nan daram, ita ce ma uwar sauran. "A new bridge" gadar da aka gama kwanan nan ce, "a new law" dokar da aka kafa ba da jimawa ba, "a new baby" jaririn da aka haifa. Ba sai na ja zance a nan ba.

A kasuwa ne zancen ke ɗaukar wani salo. In mai saye ya tambayi mai shago, "Is it new or used?", ba ranar ƙira yake tambaya ba, so yake ya ji ko wani ya taɓa amfani da kayan. Wayar da aka ƙera shekara uku da suka wuce, tana kwance a kwalinta ba a taɓa kunna ta ba, "new" ce a wannan ma'anar. To da yake kalmar tana iya ɗaukar ma'anar "sabo gare ni" kamar yadda Baturenka ya yi, sai Turanci ya nemi hanyar toshe ƙofar ruɗani, shi ne "brand new". Wannan ita ce sabo fil, sabo dal, sabo gal. Mu amsa-kama muke ƙarawa, su kuma suka ƙara "brand". Mutane da yawa suna zaton "brand" ɗin nan ita ce ta tambarin kamfani, alhali ta girmi kamfanonin duka. A tsohon Turanci "brand" tana nufin wuta ko bakin wuta, wato icen da ke ci. "Brand new" kuwa, wadda ake amfani da ita tun ƙarni na 16, hoton maƙera ne: ƙarfen da maƙeri ya ciro daga wuta yanzu-yanzu, ko hucewa bai yi ba. Shakespeare ma "fire-new" yake cewa da wannan ma'anar. Ita "brand" ta tambari daga nan ta samo asali, daga shaidar da ake ɗora wa dabbobi da kaya da ƙarfe mai zafi. Da Baturenka ya ce "brand new car" a kan motar 2012, to da sai mu ce ya shara ta.

Tunda mun shigo kasuwa, bari in ja kunnenka a kan wasu kalmomi da za ka riƙa gani in kana sayayya a intanet. "Like new", "nearly new" da "as good as new" duk suna ɗauke da "new" a cikinsu, amma abin da suke faɗa a fakaice shi ne kayan ba sabo ba ne. An yi amfani da shi, bai dai ji jiki ba. "Refurbished" kuwa an yi amfani da shi, an gyara, an goge, an dawo da shi kasuwa. "Pre-owned" ado ne kawai da dillalai ke yi wa na hannu don kada su ce "second-hand". Su kuma "fairly used", "London used", "tokunbo" da "tear rubber" namu ne na Najeriya. A kasuwar waya kowa zai gane ka, amma kada ka sa su a wasiƙar da za ta ƙetare ruwa, "used" ko "second-hand" ko "brand new" sun ishe ka.

'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci sun fi mu saurin kama wannan batu, domin Faransanci ya raba abin gida biyu da kalmomi biyu. "Une voiture neuve" mota ce fil daga kamfani, "une nouvelle voiture" kuwa motar da ka sauya ce, ko da gwanjo ce. Turanci da Hausa suka haɗa biyun a kalma ɗaya, suka bar wa mai sauraro aikin rarrabewa.

Mun ga wannan rarrabewar da idonmu a Najeriya. Kafin ƙarshen 2022, in aka ce "new notes" kowa ya san ana nufin kuɗi masu ƙamshin banki, waɗanda ake nema don liƙi a biki ko barka da sallah. Da Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoban 2022 cewa zai sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, sai ma'anar ta juya cikin 'yan makonni. A farkon 2023, lokacin da ake dogon layi a bakin bankuna, "new notes" ta koma nufin masu sabon fasali, ko da sun yamutse sun sha manja a hannun mai ƙosai. Tsohuwar dubu ɗaya kuwa, ko ba a taɓa lanƙwasa ta ba, sunanta "old note". Abin da ake gwada takardar da shi ne ya sauya, kalmar tana nan yadda take.

Wannan ita ce ma'anar maye gurbi, kuma ita za ka fi cin karo da ita a aikin ofis: "the new director", "our new address", "the new timetable". A nan kishiyar "new" ita ce "former" ko "previous" ko "old". Ka lura "new" ba ta nufin yaro. "The new teacher" yana iya zama dattijo mai furfura wanda aka sauyo wa wurin aiki. Kalmar "old" ce ke da kishiyoyi biyu, "new" da "young", daidai da yadda tsoho yake a Hausa: tsohon gwamna yana iya zama ɗan shekara hamsin, tsohon mutum kuwa sai an sha miya. Shi ya sa nake hana ɗalibaina fassara tsohon gwamna da "old governor". Ka ce "former governor", in ba haka ba mai karatu zai ɗauka tsufansa kake faɗa.

Akwai kuma inda "new" ba ta fassaruwa da sabo ko kaɗan, sai da baƙo. Wanda ya ce "I am new here" cewa yake ni baƙo ne a nan, ban san gari ba tukuna. "She is new to the job" sabuwar shiga ce, hannunta bai faɗa ba. "This is new to me" wannan baƙon abu ne a wurina, ban taɓa jin sa ba, ko da duniya ta daɗe da saninsa. Ƙaramar kalmar da ke bin ta a nan ita ce "to": "new to Kano", "new to teaching". Za ka ji "new at" ma in ana maganar aikin da ake koyo, kamar "I'm new at this".  Da Baturenka ya so ya fayyace maka komai, abin da zai ce shi ne, "It's not brand new, but it's new to me." Jimla ce da suke yawan faɗa a kan mota da gida.

Wannan tambaya ta "sabo ga wa" ba ƙaramin nauyi take ɗauka ba in aka shiga tarihi. Bayan tafiyar Kolumbus ta 1492, Turawa suka sa wa nahiyar Amurka suna "the New World". Mutanen nahiyar sun yi dubban shekaru suna noma masara suna gina birane, ba abin da ya sabunta a wurinsu sai jiragen da suka gani. Duniyar sabuwa ce ga mai zuwa, kuma mai zuwan ne ya rubuta littattafan. Haka masana kimiyya ke cewa "a new species" a kan ƙwaron da ya daɗe yana cizon mutanen ƙauye, ko "a new planet" a kan duniyar Uranus lokacin da William Herschel ya hango ta a 1781. In kana fassara irin wannan, "wanda aka gano kwanan nan" ya fi "sabo" gaskiya.

Sunayen wurare kuma nasu abin dariya ne, domin suna ba ya tsufa tare da mai shi. Garin Newcastle na Ingila ya samo sunansa daga sabon ginin tsaro, wato "castle", da aka gina a 1080. New College ta Jami'ar Oxford an kafa ta a 1379, tana cikin tsofaffin kwalejojin jami'ar. New York ta samu wannan suna a 1664 da Ingilishi suka karɓe ta daga hannun mutanen Holan, waɗanda su kuma New Amsterdam suke ce mata. Gadar da ta fi kowace tsufa a kan kogin Seine a birnin Paris sunanta Pont Neuf, wato sabuwar gada, an gama ta a 1607. Mu ma ba mu tsira ba. Sabon Garin Kano da na Zariya sun haura shekara ɗari, haka Sabon Zongo na Accra, Sabon Birni kuwa ba a ma maganarsa. New Bussa ta jihar Neja ita ce yarinya a cikinsu: an gina ta ne don mutanen tsohuwar Bussa da ruwa ya cinye garinsu sanadin madatsar Kainji da aka kammala a 1968. Irin waɗannan sunaye ba a fassara su, kuma "N" ɗinsu babba ce.

Akwai wata gaɓa da nake so in daɗe a kanta, domin duk shekara sai ta jawo musu gab da azumi, ita ce "new moon". Mutum zai duba kalanda ko manhajar wayarsa ya ga an rubuta "new moon" ranar Talata, sai ya fara cewa ai Turawa sun ce wata zai tsaya Talata, me ya sa Sarkin Musulmi bai sanar ba? Abin da masana taurari ke kira "new moon" ba shi ne jinjirin wata ba. Shi ne lokacin da wata ya shiga tsakanin duniya da rana, gefensa mai haske yana fuskantar rana, mai duhun yana fuskantarmu. A wannan lokacin ba abin da ido zai gani. Ka iya cewa daidai lokacin ɓuyan wata ne, ba fitowarsa ba. Sai ya matsa daga rana, galibi bayan kwana ɗaya, wani lokaci biyu, sannan siririn haskensa ke bayyana a yamma bayan faɗuwar rana. Daga wannan haɗuwa zuwa ta gaba kimanin kwana 29 da rabi ne, dalilin da ya sa watanninmu ke yin 29 ko 30 ke nan. Abin da ya ƙara dagula zancen shi ne a Turancin yau da kullum, da kuma a tsofaffin rubuce-rubuce, ana kiran jinjirin watan ma "new moon". Saboda haka in kai ne mai rubutu kuma jinjirin wata kake nufi, rubuta "crescent" ko "new crescent", ka huta. In kuma kai ne mai fassara daga kalanda, kada ka sa "tsayuwar wata" a gurbin "new moon", za ka sa mutane su ɗauki azumi ba a ga wata ba.

Ragowar ma'anar ita ce ta sabuntawa. Wanda ya tashi daga jinya ya ce "I feel like a new man" yana nufin ya ji garau kamar an sake shi. Daga nan aka samu "renew", sabunta fasfo ko lasisi, da "anew", wato a sake daga farko. Akwai karin maganarsu "turn over a new leaf", wadda ta taɓa kunyata ni a farkon aikina, na fassara ta da juya sabon ganye, wani dattijo da ke duba aikin ya tambaye ni ganyen wace bishiya. "Leaf" ɗin nan warƙar littafi ce. Ma'anar ita ce mutum ya buɗe sabon shafi, ya tuba ya gyara hali. "New blood" ta yi daidai da sabon jini namu. "New money" kuwa ba sababbin takardun naira ba ce, habaici ne ga wanda bai gaji arziki ba, ya samu da rana tsaka yana ta fankama. Sai "you can't teach an old dog new tricks", wadda ke kusa da namu na icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Su ba sa jin ta a matsayin zagi sosai, mutum yakan ma faɗe ta a kan kansa, amma ni ban ba ka shawarar ka faɗa wa dattijon Bahaushe ita ba, kare kawai zai ji.

Ta fuskar nahawu, "new" sifa ce mai sauƙin hali. Hausa tana tilasta maka ka duba jinsi da adadi: sabon gida, sabuwar riga, sababbin littattafai. Turanci bai damu ba, "new house", "new gown", "new books", ba ta canzawa. Kada ka ƙara mata "s" don sunan jam'i ne. Tana zuwa kafin suna, sai fa tare da "something", "nothing" da "anything", inda take komawa baya: "something new", "nothing new". Ba ta tsayawa ita kaɗai yadda muke cewa "ba ni sabo", sai ka jingina ta da "one": "give me a new one", jam'i kuma "new ones". Wajen gwadawa "newer" da "newest" ake cewa, ba "more new" ba. In sifofi suka taru, girma ne ke gaba, sannan "new", sannan launi, sannan ƙasar da abin ya fito: "a big new white Japanese car". Bature bai san ya haddace wannan jeri ba, amma da ka sauya shi zai ji wani iri.

"Newly" bayanau ce, kuma wurin zamanta ƙunci gare shi. Tana zuwa ne gaban kalmomi irin su "appointed", "built", "elected", "married": "the newly appointed commissioner". Jimlar da ake yawan ji a nan gida, "I came to Kano newly", ba ta zauna ba. Ka ce "I came to Kano recently" ko "I have just come to Kano".

Ita kuma "news" 'yar "new" ce ta cikinta, asalinta jam'i ne, wato sababbin abubuwa, kamar yadda Faransanci ke cewa "nouvelles". Zancen da ake yaɗawa cewa an haɗa ta ne daga haruffan farko na "North, East, West, South" tatsuniya ce, kada ka maimaita ta a gaban ɗalibai. Tarkon da ke cikinta shi ne duk da "s" ɗin nan, tilo ake ɗaukar ta kuma ba a ƙirga ta. "The news is good" ake cewa, ba "are" ba. Mu da muke da labari da labarai sai bakinmu ya kai ga "a good news", wanda kuskure ne. Ka ce "good news", ko "some good news", ko "a piece of good news". In kuma Baturenka ya tare ka da "What's new?", gaisuwa ce, ba rahoto yake nema ba. Ita ce "ina labari?" tamu, amsarta kuma "not much", wadda ke zaman "sai alheri". "Happy new month" da muke tura wa juna a WhatsApp ranar 1 ga wata al'adarmu ce ta wannan yanki. Turanci ne lafiyayye, zai gane, amma zai yi mamaki, domin su "Happy New Year" kaɗai suka saba da ita.

Wajen furuci, mutanen Ingila "nyuu" suke cewa, yawancin Amurkawa kuma "nuu", duka daidai ne. "Knew", wato ya sani a da, furucinta ɗaya da "new", domin "k" ɗin ta daina fita tun wajen ƙarni na 17, rubutun ne ya riƙe ta. Kada wannan ya ba ka haushi da Turanci. Mu ma muna rubuta sabo na sabon abu da sabo na "sabo turken wawa" iri ɗaya, karin sauti ne ke raba su a baki, ga kuma saɓo da lanƙwasa ɗaya ta raba shi da su. Kalmar "new" tsohuwa ce ƙwarai, a tsohon Turanci "niwe" take, kuma danginta sun bazu: "neu" a Jamusanci, "novus" a Latin, "neos" a Girkanci, "naya" a harshen Hindi, da farkon sunan bikin Nowruz na Farisa, wanda ke nufin sabuwar rana. Daga ta Girkancin aka samu ɗafa-goshin "neo" na "neocolonialism", sabon salon mulkin mallaka da Kwame Nkrumah ya yi ta gargaɗi a kai, har da sunan iskar "neon" da aka gano a 1898. Nuwamba dai ba ta cikin dangin, ita daga "novem" take, wato tara.

Yanzu ga waɗanda ke rikita ka a rahoto. "Recent" lokaci kawai take aunawa, abin da ya faru ba da daɗewa ba: "recent floods", "a recent survey". Ita ce ke faɗar abin da ka zaci "new" tana faɗa. In fom ya nemi "a recent passport photograph", hoton da ka ɗauka kwanan nan ake so. "A new photograph of my grandfather" kuwa yana iya zama hoton 1960 da aka tono jiya daga ƙasan adaka. Ba a cewa "my recent car" a ma'anar motar da na sauya.

"Latest" ita ce ta baya-bayan nan a jerin da bai ƙare ba: "the latest figures", "the latest model". Ka kiyayi haɗa ta da "last" da "late". "His latest report" rahotonsa na baya-bayan nan ne, wani na iya biyo baya. "His last report" tana iya nufin wanda ya gabata, tana kuma iya nufin na ƙarshe, ba wani bayansa. "Late" kuwa gaban sunan mutum marigayi ce. Na taɓa duba takardar neman aiki inda wani matashi ya rubuta "my late boss" yana nufin maigidan da ya bari kwanan nan, mutumin kuwa yana raye, har lambar wayarsa ya sa a ƙasa don a tuntuɓe shi.

"Novel" sabon nau'i ce, abin da ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma kalmar ilimi ce, ta masu bincike da likitoci da lauyoyi: "a novel method", "a novel approach". Duniya ta haddace ta a farkon 2020 da "novel coronavirus". An san dangin ƙwayoyin korona masu kama mutane tun shekarun 1960, wannan da ta ɓulla a Wuhan a ƙarshen 2019 ce ba a taɓa gani ba, aka riƙa kiran ta haka kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta raɗa wa cutar suna COVID-19 ranar 11 ga Fabrairun 2020. Wannan "novel" ɗin ba ruwanta da littafin ƙagaggen labari, wanda shi ma "novel" ake ce masa, ko da yake tushensu ɗaya, domin shi ma sunansa daga "novella" ta Italiyanci ya fito, wato sabon labari. Ba a cewa "novel shoes" don ka sayi takalmi. Ni a ganina ma ɗalibanmu sun cika cusa ta a rubutu don ta fi "new" kwarjini. In hanyar da kuka bi a aikinku an taɓa bin ta a wani wuri, "new" ce gare ku, ba "novel" ba. Haka "innovative" da "innovation", waɗanda yabo ne a bakin 'yan kasuwa, amma ka sani a littattafan addini da aka fassara zuwa Turanci "innovation" ita ce bidi'a, sai ka duba wa kake rubuta wa.

"Fresh" ta abinci ce da iska da ruwa, abin da bai kwana ba, bai bushe ba, ba a sa shi a gwangwani ba: "fresh bread", "fresh fish", "fresh air". "Fresh water" ruwan daɗi ne, kishiyar na gishiri. Amma amfanin gona na farkon kaka "new" yake ɗauka, shi ya sa ake cewa "new yam" da "new potatoes", kamar yadda muke ɗokin sabon gero lokacin tumu. "Modern" na zamani ce, kuma zamanin yana da faɗi, masana harshe tun wajen 1500 suke fara ƙirga "Modern English". "Current" kuwa mai ci ce: "the current governor" yana iya kasancewa a shekararsa ta bakwai a kan kujera, ya daɗe da daina zama "new".

A rahotonka, in alƙaluman wannan wata kake nufi, rubuta "the latest figures". In abin da ya faru makonnin baya ne, "recent". In an sauya shugaba ko tsari ko adireshi, "new". In kayan da aka sayo wa ofis ne kuma kana so mai binciken kuɗi ya san ba na hannu ba ne, rubuta "brand new" ko "new and unused", kada ka bar shi da "new" tsurarta. Shi kuma abokin aikinka, gobe in ka gan shi a bakin motar, "Congratulations on the new car" ta wadatar. Kada ka tambaye shi ko "brand new" ce, ya san ka ga fentin.